Yadda A Ke Auna Littattafan Da Ke Yanke Wa Duniya Ranar Ƙarewa

Littattafan da ke yanke wa duniya ranar ƙarewa ba baƙi ba ne. Tun cikin shekarar 898 ta Hijira, Shehu Jalaluddin Suyuɗi ya wallafa risala a Masar don ya warware maganar masu cewa duniya ba za ta wuce shekara ta 1000 ba. Zancen tashin duniya kansa na addini ne, yana da malamansa. Abin da mu ke nufi a nan shi ne ma'aunan da malami zai yi aiki da su in ɗalibi ya kawo masa littafin da ya sa rana. Ma'aunan huɗu ne.

Na farko, a binciki harsashin lissafin. William Miller, wani manomi a Amurka, ya ɗauki kwana 2,300 da aka ambata a Littafin Daniyel, ya mai da kowane kwana shekara, ya fara ƙirga daga shekara ta 457 kafin haihuwar Annabi Isa, ya sami 1843. Daga baya mabiyansa suka tsai da 22 ga Oktoba, 1844, har waɗansu suka bar amfanin gona ba su girbe ba. Ɗebe 457 daga 2,300 daidai ne. Amma mai da kwana shekara, da zaɓen shekarar farawa, duk ra'ayin mai lissafi ne. In aka kau da ɗaya, ginin ya rushe.

Na biyu, a dubi abin da mawallafin ya yi sa'ad da ranarsa ta wuce. Edgar Whisenant ya jera hujjoji 88 cewa za a ɗauke masu bi zuwa sama cikin 1988. Da ba a gani ba, sai ya koma 1989. Harold Camping ya ambaci 1994, sa'an nan 21 ga Mayu, 2011, sa'an nan 21 ga Oktoba na wannan shekara. Leon Festinger da abokan aikinsa sun bayyana wannan hali cikin littafinsu na 1956, bayan sun bi wata ƙungiya da ta jira ruwan tufana ran 21 ga Disamba, 1954. Sun nuna cewa wanda ya yi hasarar dukiya ko aiki saboda wani zance, sau da yawa ya fi son ya sake masa fassara da ya rabu da shi. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma masu shi su kan yi ta ƙara haƙa.

Na uku, a koma ga tushe. An rubuta littattafai da yawa cewa kalandar mutanen Maya ta sa ƙarshen duniya ran 21 ga Disamba, 2012. Masanan da ke karanta rubutun Maya sun ce ranar cikar wani babban zagaye ne na ƙirgarsu kawai. A birnin Palenque ma akwai rubutu a dutse da ya ambaci wata rana cikin shekara ta 4772. To, a tambaya: mawallafin ya san harshen da ya ke kafa hujja da shi? Ya faɗi inda za a tarad da nassin, ko kuwa daga bakin wani ya ɗauko?

Na huɗu, a gwada labarin da abin da zai yiwu. Wannan ita ce hanyar Ibn Khaldun cikin Muƙaddima, wadda ya rubuta a 1377. Ya ƙi yarda da cewa mayaƙan Bani Isra'ila sun kai 600,000, gama ƙasar ba za ta ɗauki runduna irin wannan ba, filin daga kuma ba zai ishe ta ba. Haka za a yi wa littafin Immanuel Velikovsky na 1950, wanda ya ce tauraruwa Zara ta fito daga cikin Mushtari, ta gifta kusa da duniya wajen shekara 1,500 kafin Annabi Isa. Hujjarsa tatsuniyoyin al'ummai ce, ka'idodin tafiyar taurari kuwa ba su goyi bayansa ba. Gaskiya ne ya ce Zara tana da zafi ƙwarai, aka kuwa tarar haka ne. Amma dalilin zafin shi ne iskarta mai kauri da ke riƙe zafin rana. Dacewa ɗaya ba ta wanke littafi duka.

Yawan masu saye ba hujja ba ne, haka kuma kukan mawallafi cewa masana sun haɗa masa kai. Amma kada malami ya sallami ɗalibi da ba'a ko da hani, gama hani ya kan ƙara wa littafi daraja a idon yaro. Ya fi kyau ya ɗauki babi ɗaya, ya sa ɗalibai su fid da da'awa uku, su nemi tushen kowace, su rarrabe abin da aka tabbatar da abin da aka zata. Wanda ya koyi wannan a kan littafi guda, zai iya a kan saura.