Kumbo Ko Aljani: Ina Iyakar Labarin Kimiyya Take?

A cikin shekarar 1969 Kamfanin Buga Littattafai na Arewa, watau NNPC da ke Zariya, ya fito da wani ɗan littafi na Umaru Dembo mai suna Tauraruwa Mai Wutsiya. Labarin wani yaro ne, Kilba, wanda wani baƙo daga sararin samaniya, Kolin Koliyo, ya ɗauke shi ya kai shi yawon buɗe ido. A wannan shekara kuwa, cikin watan Yuli, 'yan sama jannatin Amurka suka sauka kan wata da kumbon Apollo 11, har Alhaji Mamman Shata ya yi wa kumbon waƙa.

Masu nazarin adabi kan ce da wannan littafi aka buɗe ƙagaggen labarin kimiyya a Hausa. To, amma da me ya bambanta da na gabansa? Tun 1934 Abubakar Imam ya tura Alhaji Imam neman Ruwan Bagaja, aljanu suka taimake shi. Bello Kagara kuma ya kai Ganɗoki ƙasashen aljanu bayan ya gwabza da Turawa. Duka ukun mutum ne ya bar gida, wani mai ƙarfin da ya fi na ɗan Adam ya nuna masa abin al'ajabi, ya komo da labari.

Turawa sun raba abin gida biyu. In marubuci ya jingina abin mamakin ga inji da lissafi, suka ce kimiyya ce. In ya jingina shi ga tsafi ko aljani, suka ce almara ce, watau abin da ba ya yiwuwa. Ko su kansu rabon bai zauna musu daidai ba, don marubucin Ingila Arthur C. Clarke ya lura cewa fasaha in ta yi nisa, ba a rarrabe ta da sihiri.

Amma fa a ƙasar Hausa ma'aunin ya fi karkacewa. Makarancin da ke Potiskum ko Katsina bai ɗauki aljani abin ƙage ba, tunda Alƙur'ani ya tabbatar da shi, har da sura guda mai sunansa. Zuwa wata ne ma dattawa da yawa suka ƙi gaskatawa a 1969. Ashe abin da Bature ya kira almara, a nan shi ya fi kusa da gaskiya, abin da ya kira kimiyya shi ya yi kama da tatsuniya. Malamin makarantar da ya kwafo rabon Turawa ya shiga aji da shi yadda yake, zai sha tambaya daga yara.

Sunan littafin Dembo ma ƙafa biyu gare shi. Ga masana taurari, tauraruwa mai wutsiya dunƙulen ƙanƙara ne da ƙura mai kewaya rana, irin ta Halley wadda ta bayyana a 1910 da 1986. Ga mutanen da kuwa, fitowarta alama ce ta rasuwar babban sarki ko aukuwar wata fitina.