Bin Sawun Masunta a Bakin Tiga

A Fagge, in ka ce wa mutum za ka biya kuɗin mota ka fita bayan gari don kawai ka je ka taka da ƙafa, kallon da zai yi maka ya ishe ka amsa. Maƙwabcina a Kantin Kwari cewa ya yi, "Alhaji, in tafiyar ƙasa kake marmari, ɗauki dilar atamfar nan ka kai min Sabon Gari, ka ga ka taka, ni kuma na huta da biyan ɗan dako." Ban ga laifinsa ba. Mu nan tafiyar ƙafa ta wanda ya rasa na mota ce, ko wanda likita ya ɗora wa saboda ciwon suga. Ruwan da muka tashi muna gani yana gudu kuwa shi ne Jakara, wadda ba a tsayawa kallonta sai dai a toshe hanci a wuce.

Duk da haka, wata Lahadi da rabin shagunan Sabon Gari ke kulle, na tari a-daidaita-sahu a Bata zuwa Na'ibawa, na shiga motar da ke lodin mutanen Tiga. Direban bai tashi ba sai da ya cusa mu huɗu a baya, biyu a gaba, ya ɗaure but da igiya a kan buhunan taki. Muka miƙi titin Zariya, muka wuce Kura da gonakin shinkafarta, daga baya muka karkata hagu, muka gota Bagauda inda tsohon otal ya zama makarantar horar da lauyoyi. Tafiyar ba ta wuce kilomita 70 da wani abu ba. Daga inda mota ta sauke mu ɗan acaɓa ya ƙarasa da ni bakin ruwa, domin hanin da aka yi wa acaɓa a 2013 na cikin birni ne, a ƙauye har gobe shi ne ƙafar kowa.

Wanda bai taɓa zuwa ba zai ɗauka rafi ne babba. Ba haka ba ne. Gwamnatin Audu Bako ce ta datse Kogin Kano a nan tsakanin 1971 da 1974, daidai shekarun da fari ya gasa ƙasar Hausa da maƙwabtanta. Bangon ƙasa da dutse aka ja mai tsawon kusan kilomita 6, ruwan da ya taru a bayansa ya mamaye murabba'in kilomita 178 in ya cika. Daga nan ake sakinsa ta magudanai zuwa Kadawa, Kura, Bunkure da Garun Malam, inda tumatir da shinkafa da alkama suke fitowa da rani, saura ya gangara ya taimaki matatun ruwan birni. Ka tsaya a gefe guda, ɗaya gefen sai ka ƙanƙance ido. Ta wajen Rurum da Rano duwatsu ne jibge, wani a kan wani, kamar an sauke kaya an manta ba a kwashe ba.

An ce a Suwizalan hanyoyin masu yawon ƙafa sun haura kilomita 65,000, da alluna rawaye masu gaya maka minti nawa ya rage, kuma jirgin ƙasa ko bas ya ajiye ka a bakin hanyar. A Tiga babu allo ko ɗaya. Amma hanya tana nan, har ta yi yawa, sai dai ba don baƙo aka yi ta ba. Akwai ta masunta, siririya, wadda ke bin gaɓa daga wannan mashigar kwale-kwale zuwa waccan. Akwai burtalin shanu, mai faɗi, wanda kofato ya farfasa, yana gangarowa daga tudu kai tsaye zuwa mashaya. Akwai ta mata masu itace da wanki, ita ce ke bi ta inuwar ɗorawa da kaɗanya. In ka iya bambance su ba ka ɓata. Ni ban iya ba, na bi burtali ina zaton zai zagaya da ni, ya kai ni cikin taɓo har ƙauri.

A nan wani dattijo ya same ni. Yana zaune a kan fa, taru shimfiɗe a cinyarsa, ya maƙale gefensa da babban yatsan ƙafa yana ɗinke inda ya yage. Allurar ta itace ce, ta yi sulɓi don daɗewa a hannu. Bai ɗago ba sai da ya ƙulle zaren.

"Sannu da aiki, Baba."

"Yauwa, sannu ɗan birni. Me ka yar kake nema?"

Na ce ba komai, zagayawa kawai nake yi. Ya dube ni, ya dubi takalmina, ya ce, "To Allah ya ba da sa'a. Amma wannan hanyar ta shanu ce, su ba sa cire takalmi."

Shi ya fahimtar da ni abin da babu taswirar da za ta nuna, cewa hanyar bakin Tiga ba a wuri ɗaya take kwana ba. Da kaka, ruwa ya cika ya haɗiye ta, mutane su koma bin tudu. Da rani ya yi nisa ana ta sakin ruwa ga manoman ƙasa, gaɓa ta ja baya, sai danshi ya bayyana, nan da nan a dasa masa dankali da masara da kayan miya, sabuwar hanya ta fito a tsakanin kunya da kunya. Inda ka taka a watan Maris, a Satumba kwale-kwale ne zai bi ta kansa. Ya nuna min wani wuri can tsakiyar ruwa da baki, ya ce gonar kakansa tana ƙarƙashi, tun lokacin da aka tashi ƙauyuka don a yi dam. Bai faɗa da ɗaci ba, kamar dai mai nuna maka unguwar da ya taɓa zama.

Ya haɗa ni da jikansa, yaro ɗan shekara goma sha biyu ko kusa, da silifa ɗaya ja ɗaya shuɗi. Yaron ya bi da ni ta bayan wasu duwatsu, yana tsalle daga wannan zuwa wancan, ni ina rarrafe ina haki. Ya hana ni sa hannu a kogo saboda maciji, ya hana ni wanke ƙafa a wani lungu da ruwa ya kwanta, ya ce nan ake ɗaukar tsargiya. Daga saman dutsen ana ganin komai a shimfiɗe: kwale-kwale uku sun zama kamar ɓawon gyaɗa, balbelu na bin garke, hayaƙin masu banda na tashi daga bukkoki. Abin da ya fi kama ni shi ne shirun. Mutumin da kunnensa ya saba da janareto da hon ɗin 'yan a-daidaita-sahu sai ya ji kamar an toshe masa shi da auduga.

A gaskiya ba na so a zo a zuba wa wurin nan siminti da fenti da mai karɓar kuɗin shiga. Mun ga yadda wuraren shaƙatawa na gwamnati suke ƙarewa in wanda ya gina ya sauka. Abin da ake buƙata kaɗan ne: masaukin da za a yi alwala a ajiye jaka, da yaran gari da sarkin ruwa ya sani waɗanda za su riƙa raka baƙo a ba su na goro. Wanda zai je kuma ya tafi da ruwan shansa, ya yi sallama kafin ya ratsa gonar mutane ko ya ɗaga waya a kan matan da ke wanki, ya kuma baro bakin ruwa kafin la'asar sakaliya, don motar komawa Kano tana ƙaranci da yamma.

Na sayi bandar karfasa da tarwaɗa a hannun wata tsohuwa, ta naɗe min a takardar siminti, ta ƙara min ƙanana biyu gyara. Ana kiran magariba na sauka a Bata, wandona ya bushe da taɓo ya yi tauri. A bakin layinmu na tari mai kurar ruwa na ce ya sauke min jarka biyu in yi wanka. Ya ce jarka ta ƙara kuɗi, famfo bai zo ba tun Alhamis.