Hukuncin Yaron da Ya Kashe Rai Bisa Kuskure a Wurin Farauta

An aiko mana da tambaya: idan yaro ya bi ƴan farauta daji, ya ga motsi cikin sabara, ya harba da zaton barewa ce, ashe mutum ne, shin za a yi masa hukuncin babba?

Mu fara gyara tambayar. Kisan kuskure ba kisasi a cikinsa, ko da dattijo mai furfura ne ya yi harbin. Aya ta 92 ta Suratun Nisa'i abu biyu ta ɗora: diyya da kaffara. Balle yaro, wanda hadisi ya tabbatar an ɗauke masa alƙalami har ya balaga. A mazhabarmu ta Malikiyya, kamar yadda yake cikin Risala, ko gangancin yaro hukuncin kuskure yake ɗauka.

Amma kada iyaye su yi saurin murna. Jinin mamaci ba ya araha don ƙuruciyar wanda ya zubar da shi. Marayun da ya bari ba ruwan cikinsu da shekarun maharbi. Diyya cikakkiya ce: raƙumi 100, ko dinari 1000, ko dirhami 12000. Ba a kan yaron take ba, a kan dangin ubansa maza take, waɗanda malamai ke kira aƙila, su biya cikin shekara 3, sai fa in magada sun yafe. A ganinmu wannan shi ne adalci, domin yaro ba ya ƙera bindiga, ba ya sayen albarushi. Wani ya rataye ta ɗure a ɗaki, wani ya ce masa "je ka, ai namiji ne kai".

Kaffara kuwa, Muhtasar ya ɗora ta har a kan yaro. Tun da babu wuyan da za a ƴanta a yau, masu sharhi sun ce a jira ya balaga, sannan ya yi azumin wata 2 a jere. Idan mamacin wanda yake gada ne, yana cin gadon dukiyarsa, ban da diyya.

Wa ake kira yaro? Nan mutane ke ruɗewa. Wanda ya yi mafarki, ko gashin mara ya tsiro masa, ya balaga, ko da shekararsa 14. In babu alama, mashhurin zance shekara 18. Saboda haka da yawa cikin samarin da ke ɗaukar gora da karnuka da rani baligai ne, azumin kaffara ya hau kansu nan take.

Wannan duk ba ya ba kowa damar ɓoye gawa ko ɗaukar fansa. A kai magana ga mai gari da jandarmomi, alƙali ya bincika ko kuskure ne da gaske, domin akwai mai tsohuwar gaba da ke jiran ranar farauta.