Kafin Ka Ce Taki Jabu Ne, Zaga Gonarka

Duk kaka sai an tayar da zancen nan a majalisa: wai takin bana jabu ne, an zuba buhu uku amma gero bai yi ba. Jabun taki yana nan a kasuwa, babu mai musu. Amma Malam, buhun da kake tsine wa, ba daga cikinsa ka ɗiba ka zuba a gindin gawo ba, inda zangarniya ta yi ɓul-ɓul? Ba shi ne dai ka watsa a kan tudu ba, inda kara ya tsaya iya gwiwa, ƙuduji ya shaƙe shi? To ina jabun?

Gona ɗaya takan ƙunshi ƙasa iri-iri. A jigawa, ruwan sama mai ƙarfi yakan wanke yuriya ya nutsar da ita ƙasa da inda saiwa ke kaiwa. A fako ruwa ba ya shiga, gudu yake yi, ya kwashe takin ya kai wa maƙwabcinka na kwari. Gindin gawo kuwa ya ƙoshi tun tuni, domin itacen da damina yake kaɗe ganyensa, da rani kuma dabbobi su kwanta a inuwarsa su bar kashi. Haka tsohon mashekarin Fulani. Duk da haka sai a miƙa wa yaro kwano ya bi gona yana watsi bai ɗaya, yuriyar ta kwana a fili rana na cin ƙarfinta. Wannan ɓarnar dukiya ce, kuma abin haushi, da bashi wasu suka sayo takin. Makarar shuka da tsohon iri ma suna da nasu laifin.

A Amurka, tun shekarun 1990 ake ɗora wa tarakta na'urar GPS da taswirar gona, tana ƙara taki a nan tana ragewa a can. Kai ƙafarka da idonka sun isa. Bayan noman farko, zaga gonar ka kafa turke duk inda ganye ya yi ɗorawa ko shuka ta tsumbure. Da rani, can za ka fara sauke mangalar takin gida da toka, maimakon bakin hanya inda jaki ya fi saurin kaiwa. Fako a haƙa masa ramukan tassa irin na manoman Tawa, a sa taki a ciki ruwa ya taru. Masu bincike na ICRISAT a Sadore, kusa da Yamai, sun nuna cewa giram 6 na NPK a kowane ramin shuka, wato kimanin cikin murfin kwalbar lemo, yana ƙara amfanin gero sosai. A binne shi gefen iri, ƙasa na da danshi.

Mai hali kuma ya ɗebi ƙasar tudu daban, ta kwari daban, kada ya gauraya, ya kai wa malamin gona a tura ɗakin gwaji irin na IAR da ke Samarun Zariya kafin ya sayi ko buhu ɗaya.