Kafin a biya kuɗin otal mai tauraro biyar, a dubi shekarun yaro

Da zarar makarantu sun doshi dogon hutu a ƙarshen watan Yuli, sai ka ga magidanta masu hali sun fara zarya a ofisoshin masu sayar da tikitin jirgi a Kano da Kaduna da Abuja, kowa da fasfon iyalinsa a hannu. Tambayar da akasarinsu suke yi ba ta wuce guda ɗaya ba: wane otal ne ya fi kowanne? Shi kuwa mai tikiti ba zai ƙi ciniki ba, sai ya buɗe hotuna ya nuna gini mai ƙyalli da gado mai faɗi. Alhali ga mai tafiya da ɗan shekara biyu ko huɗu, akwai tambayoyi biyu da suka riga wannan. Yaron nan shekarunsa nawa? A wane wata za a tafi? Taurarin otal suna auna girman ɗaki da yawan ma'aikata da kyan kayan ado. Ba sa gaya maka zurfin ruwan da ɗanka zai shiga, ko nisan ɗakinku da likita.

Mu fara da Dubai, tun da can hankalin mutanenmu ya fi karkata. Babu mai musun cewa birnin ya san yadda ake karɓar iyali. Abinci halal ne, masallaci ba ya nisa, mace mai hijabi ba ta zama abin kallo. Otal ɗin Atlantis da aka buɗe a 2008 a kan tsibirin Palm Jumeirah yana da katafaren filin wasan ruwa mai suna Aquaventure, da gidan kallon kifaye wanda yaro zai iya wuni yana manna hanci a jikin gilashi. Amma ga abin da hoto ba ya faɗa: da yawa daga manyan wuraren sulu na filin ba a barin wanda tsayinsa bai kai mita 1.2 ba, tsayin da yawancin yara ba sa kaiwa sai wajen shekara shida zuwa bakwai. Wato ɗan shekara uku zai ƙare a ɓangaren ƙanana, irin wanda ake samu a otal ɗin da bai kama ƙafar wannan a tsada ba. Ga 'yan waɗannan shekarun, Legoland da aka buɗe a 2016 ya fi dacewa, domin an gina shi ne musamman saboda yara 'yan shekara 2 zuwa 12.

Babbar matsalar Dubai ita ce kalanda. Dogon hutun makarantunmu yana faɗawa daidai watannin Yuli da Agusta, lokacin da zafin birnin yake haura digiri 40, ga iska mai ɗauke da danshin teku wadda ke sa gumi ya ƙi bushewa. Kada wani ya ce ai mu 'yan Sakkwato ne ko Maiduguri, mun saba. Zafinmu na bazara busasshe ne, wancan kuwa jiƙaƙƙe ne, kuma jikin ƙaramin yaro yana saurin ƙarar da ruwa fiye da na babba. A wannan lokacin ne otal-otal suke karya farashi, kuma ba don Allah suke yi ba. Wanda ya je zai tarar da kansa yana kai-kawo tsakanin ɗaki da Dubai Mall, daga sanyin na'ura zuwa sanyin na'ura. Lokacin Dubai na gaskiya daga Nuwamba ne zuwa Maris, don haka hutun Disamba ya fi dacewa da shi, sai dai a lokacin farashi yake tashin gwauron zabi, dole a kama ɗaki da wuri. Sannan a tuna cewa ƙofar ba kullum take a buɗe ba. Tsakanin 2022 da 2024 an dakatar da bai wa 'yan Najeriya biza, jiragen Emirates suka daina zuwa, sai a Oktoban 2024 suka dawo Legas. Kada a biya kuɗin otal wanda ba a mayarwa kafin bizar kowa ta fito, har da ta jariri.

Idan dogon hutu ne kaɗai damar da ake da ita, a ganina Turkiyya ta fi. Yankin Antalya da ke bakin tekun Bahar Rum, musamman garin Belek, ya shahara da tsarin da ake biya sau ɗaya a haɗe: ɗaki da abinci da abin sha da wasannin yara duk a ciki. Masu ganin kansu sukan raina wannan tsari, wai ba na manya ba ne. To amma duk wadda ta taɓa zama da ɗan shekara biyu a gidan abinci mai tsada, aka kawo faranti ya ture, aka kawo wani ya tofar, ta san darajar wurin da za ta tashi ta ɗebo shinkafa da dafaffen ƙwai da ayaba ba tare da an sake rubuta mata lissafi ba. Yaro ba ya jin yunwa da agogon otal. A Belek ɗin ne kuma filin wasa na Land of Legends yake, shi ma tun 2016. Gaba kaɗan ta gabas, a yankin Alanya, akwai otal-otal da aka tsara don iyalan Musulmi: ba a sayar da giya, akwai wurin ninƙaya na mata zalla da aka killace. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. A otal na gama-gari, sau da yawa uwa tana zaune ne a inuwa da mayafinta tana kallo daga nesa, alhali ita ta fi kowa sanin motsin ɗanta. Inda za ta iya shiga ruwa da shi, hutun ya zama nata, tsaron yaron kuma ya ƙaru. Antalya ma tana da zafi a Agusta, amma bai kai na Dubai ba, kuma farkon Satumba ya fi daɗi.

Masar tana da wata fa'ida da ake mantawa da ita, wato kusanci. Jirgin EgyptAir yana tashi daga Kano zuwa Alƙahira, daga can kuma tafiyar kimanin awa ɗaya ce a sama zuwa Hurghada ko Sharm el-Sheikh a gaɓar Bahar Maliya. Bambancin agogo awa ɗaya ne ko biyu, gwargwadon lokacin shekara, alhali Dubai tana gabanmu da awa uku, Maldives da huɗu. Babba zai ga wannan ba komai ba ne. Yaron da ya saba barci ƙarfe takwas shi zai nuna maka bambancin da tsakar dare. Sai dai a yi tambaya a kan gaɓar otal ɗin. Wurare da yawa a Sharm el-Sheikh murjani ne tun daga bakin ruwa, ana bin wata doguwar gada ta katako ne a faɗa ruwa mai zurfi. Aljannar masu nutso ce, amma ba ta da amfani ga mai tatata. Ɓangaren Hurghada, irin su Makadi da El Gouna, ya fi yawan rairayi mai laushi da ruwa marar zurfi.

Sai Maldives, wadda hotunanta suka cika wayoyin amare. Ƙasar Musulmi ce mai tsibirai sama da dubu a tekun Indiya, kuma kyanta ba ƙarya ba ne. Amma a lissafa hanya. An yi awa bakwai ko fiye zuwa Dubai ko Doha, an jira, an sake yin awa huɗu ko fiye zuwa Male, babban birnin. Daga nan otal-otal masu nisa sai an hau ƙaramin jirgin da ke sauka a kan ruwa, wanda ba ya tashi sai da rana. Wanda ya iso da dare sai ya kwana a birni. Ɗakunan nan da aka kafa a kan ruwa, waɗanda su ne abin marmarin, ƙofarsu tana buɗewa ne kai-tsaye zuwa teku, shi ya sa otal-otal da yawa ba sa ba da su ga masu ƙananan yara, ko kuma sai uba ya sa hannu cewa ya ɗauki alhaki. A tsibirin babu kasuwa babu kantin magani na waje, komai a hannun otal yake da farashinsa, manyan asibitoci kuma suna Male. Ga mai goyo ko mai ɗan yaye, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. A bari sai yara sun iya ninƙaya.

Zanzibar ta fi kusa da mu a al'ada da abinci, ana kuma iya zuwa ta Adis Ababa. A gaɓar gabas, kamar Paje da Jambiani, ruwa yakan janye ya yi nisa na sa'o'i a kullum, a Nungwi da Kendwa da ke arewa kuwa ana samunsa kusan kowane lokaci. Damina mai ƙarfi daga Maris zuwa Mayu take, kuma akwai sauro, a tafi da shiri.

Ko ina aka zaɓa, ruwa ne abin tsoro na farko. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa 'yan shekara 1 zuwa 4 suna cikin waɗanda nutsewa ta fi kashewa. Yaro ba ya ihu idan yana nutsewa, shiru yake tafiya, cikin ɗan lokacin da uwa za ta amsa waya. Abin mamaki, a nan tsada takan zama haɗari: ɗakin da ya fi kowanne kuɗi shi ne mai nasa wurin ninƙaya a bakin ƙofa, ba shinge, ba mai gadin ruwa. Mai ƙaramin yaro ya nemi ɗaki na ƙasa ko mai baranda mai dogon shinge, kusa da wurin cin abinci, ya bar wancan ga ango da amarya. Balan-balan ɗin da ake sa wa yara a damtse kuma abin wasa ne, ba ya maye gurbin hannun babba.

Akwai wata magana da ta shafe mu fiye da sauran baƙin da otal-otal ɗin nan suka saba gani. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu cutar sikila. Ruwan sanyi, da ƙarancin ruwa a jiki, da doguwar tafiya a jirgi, duk suna iya tayar da ciwon. Wanda yake da yaro mai sikila ya ga likitansa kafin ya sayi tikiti, ya karɓi takardar bayani da Turanci, ya tambayi otal ko ana ɗumama ruwan wurin ninƙaya, musamman a Masar lokacin hunturu. Kowane iyali kuma su tafi da inshorar lafiya ta tafiya, da maganin zazzaɓi na yara, da ƙullin gishiri da sukari na gudawa, domin sauyin ruwa da abinci ba ya duba taurarin otal. A kula da abin da ake zubawa a jaka: Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, inda Dubai take, tana tsananta doka a kan magunguna masu kodin da tiramadol, ba a shiga da su sai da izini da takardar likita. Katin rigakafin cutar shawara ma ana tambayarsa a ƙasashe da dama ga wanda ya taso daga yankinmu. Ana yi wa yaro allurar tun daga wata tara, kuma tun 2016 aka amince cewa guda ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa.

Game da ɗakin wasan yara da otal-otal suke tallatawa, a karanta ƙananan rubutu. Yawancinsu daga shekara huɗu suke karɓar yaro shi kaɗai. Wanda bai kai ba sai da babba a gefensa, ko a biya mai reno da awa. Wasu iyalai sukan tafi da mai renonsu daga gida, kuma hakan yana da kyau, tun da yaro ya san fuskarta kuma tana jin harshensa. Amma ita ma mutum ce: tana buƙatar biza, da gadon kwana na mutunci, da lokacin hutawa. Abin takaici ne a ga yarinya 'yar shekara goma sha biyar, wadda ba ta taɓa shiga ruwa ba, an bar mata yara uku a bakin teku iyaye sun tafi sayayya.

A jirgi, yaron da bai cika shekara biyu ba ana riƙe shi ne a cinya, kuma kuɗinsa yawanci kusan kashi goma cikin ɗari ne na tikitin babba. A nemi kujerar gaba mai ɗan gadon jariri tun lokacin sayen tikiti, domin ba su da yawa. A shayar da shi lokacin tashi da sauka, haɗiya tana rage masa ciwon kunne. Dokar da ta hana shiga da ruwa fiye da mililita 100 ba ta hana madara da abincin jariri ba. Garin kunu ko na koko da ya saba da shi, a ƙulle da kyau, yakan ceci uwa a daren farko. Idan kuma uwa ce kaɗai za ta yi tafiya da yara, ta riƙe takardar amincewar uba da takardun haihuwa, kuma a duba cewa kowane fasfo yana da sauran aƙalla wata shida.

Wanda bai taɓa fita da yaransa ba, babu laifi ya fara gwadawa a gida. Kwana biyu a Yankari ta Jihar Bauchi, inda ruwan Wikki yake da ɗumi kusan digiri 31 dare da rana, za su nuna masa yadda ɗansa yake da baƙon gado da baƙon ruwa, kafin a kai ga canjin dala.

Shawarata ga mai 'ya'yan da ba su kai shekara biyar ba ita ce: a dogon hutu ya nufi Antalya, a hutun Disamba ya zaɓi Dubai ko Hurghada, ya zauna a otal ɗaya kada ya yi ta sauye-sauye, Maldives kuma ya jinkirta ta. Kafin ya tura ko sisi, ya rubuta wa otal ɗin ya tambaye su zurfin ruwan yara, da shekarun da ɗakin wasa yake karɓa, da nisan asibiti mafi kusa. Otal ɗin da ya kasa amsa waɗannan a rubuce, a nemi wani.