Abin Mamakin da Ke Cikin Marainan Alade

Namijin alade da ya balaga ba a dandaƙe shi ba yana da estirojin a jininsa, wato homon ɗin da aka san mata da shi, fiye da macen aladen da ke neman barbara. Ingarman doki ma haka yake. Ƙwayoyin Leydig ne ke samar da shi a cikin maraina, kuma sun ci sunan masanin Jamus Franz Leydig da ya bayyana su a 1850. Da kolestarol suke farawa, su juya shi zuwa piregnenolon, daga nan hanya ta rabu: wani ya zama testosteron, wani estirojin, wani kuma androstenon.

Estirojin ɗin ba ya tafiya a banza. Yana bin maniyyi, wanda kan kai rubu'in lita a barbara ɗaya, ya sa mahaifar mace motsawa don ta ja shi ciki.

Ni dai androstenon ne ya fi ɗaure mini kai. A maraina ake yin sa, amma a baki yake aiki. Jini ke kai shi ƙullutun yawu da ke ƙarƙashin muƙamuƙi ya taru a can. Da namijin ya ga mace sai ya kama taunar baki har kumfa ta fito, ita kuwa idan lokacinta ne, tana shaƙar warin sai ta tsaya cak, ko tura ta aka yi ba za ta gusa ba. Shi ya sa a gonakin Turai ake sayar da shi a gwangwanin feshi, don gane wadda ta shirya.

Sauran kuma kitse ke tsotsewa. Ana ɗora naman a wuta sai ƙarnin fitsari ya tashi, kamar dai yadda bunsuru ba ya iya ɓoye kansa. A 1968 masani Patterson ya tabbatar a Ingila cewa androstenon ne sanadi. Androstenon ɗin yana ma rage wa hanta ƙarfin kawar da sikatol, wani sinadari mai warin kashi da ƙwayoyin hanji ke samarwa, sai wari ya zama biyu. Amma ba kowane hanci ke jin androstenon ba. Wani zai toshe hanci, wani ya ji ɗan ƙamshi, wani ko alama. A 2007 masu bincike a Amurka suka danganta bambancin da ƙwayar gado mai suna OR7D4.

Saboda wannan wari ake dandaƙe miliyoyin 'yan aladu tun suna 'yan kwanaki, galibi ba tare da maganin kashe zafi ba, abin da ban ga hujjarsa ba tunda akwai mafita. Jamus ta hana yin sa haka tun farkon 2021. Ostareliya kuwa tun 1998 ta fara amfani da allurar Improvac, wadda ke tare umarnin da ƙwaƙwalwa ke aika wa maraina, su daina aiki ba tare da an sa wuƙa ba.

Har wasanni lamarin ya shafa. Marainan alade na yin nandurolon, sinadarin ƙara ƙarfi da aka haramta wa 'yan wasa, kuma cin kayan cikinsa na iya sa a ga alamarsa a fitsarin mutum. 'Yar tseren Amurka Shelby Houlihan, da aka ga alamarsa a fitsarinta, ta kafa hujja da naman alade a 2021, amma kotun wasanni ta duniya ba ta gamsu ba, aka dakatar da ita shekara huɗu.