Hanyar Zama Malamin Kimiyya a Babbar Sakandare: Amsa ga Wata Uwa daga Maamobi

A shirinmu na ilimi na makon jiya, saura minti uku mu rufe, wata Hajiya ta bugo waya daga Maamobi. 'Yarta ta gama Accra Girls a ɓangaren kimiyya, kuma ta ce ita koyar da Kemistiri take so. Hajiya ta ce min: "Ɗana, kuɗin fom mun tara shi da kyar. Wani ya ce kwaleji, wani ya ce jami'a. Wanne za mu saya?" Lokaci bai bar mu ba, sai na yi mata alkawarin amsa a rubuce. To, Hajiya, ga cikon alkawari, kuma na san ba gidanku kaɗai ake wannan tambaya ba.

Mu fara da inda aka fi ɓatan kai. Kwalejojin horar da malamai, irin su Accra College of Education da Al-Faruq ta Wenchi, tun 2018 suke ba da digirin B.Ed na shekara huɗu. Digiri ne cikakke, amma an tsara shi ne don masu koyarwa daga ajin ƙananan yara zuwa firamare da JHS. Idan kai burinka ka tsaya gaban 'yan SHS ka koyar da Fizis, Kemistiri ko Bayoloji, miƙaƙƙiyar hanyarka jami'a ce. Biyu ne suka yi suna a wannan fage: Jami'ar Ilimi ta Winneba, da Jami'ar Cape Coast wadda aka kafa a 1962 musamman don horar da malamai masu digiri. Duka biyun, a tashar Kaneshie za ka hau motarsu.

Me ake nema kafin a ɗauke ka? Sakamakon WASSCE mai A1 zuwa C6 a darussa shida. Uku na dole: Turanci, Lissafi da kimiyyar bai-ɗaya. Uku kuma daga na zaɓi: Fizis, Kemistiri, Bayoloji da lissafin nan mai zurfi da yara ke ce wa E-Maths. D7 ba ta shiga lissafi. Wanda ya samu ita a darasi ɗaya, gara ya sake zama a Nov-Dec da ya zubar da kuɗin fom. Akwai kuma ƙofar manya, ga wanda ya kai shekara 25, da jarrabawar shiga ta daban. Iyaye ku lura: wannan hanya tun a JHS 3 take farawa, ranar da yaro ya zaɓi ɓangaren da zai karanta.

In an shiga, shekara huɗu ce, kuma kaya biyu ake ɗauka a kai ɗaya.

Kaya na farko shi ne ilimin kansa. Mai Kemistiri zai yi sinadaran da ke ɗauke da kabon da waɗanda ba su da shi, da yadda ake auna abin da ke cikin ruwa ko gari. Mai Fizis zai yi motsi da ƙarfi, zafi, haske, lantarki da maganaɗisu. Mai Bayoloji zai yi ƙwayar halitta, gadon halitta, aikin gaɓoɓin jiki da zaman halittu a muhallinsu. Kowa kuma sai ya taɓa lissafi, kuma sai ya shafe awoyi a ɗakin gwaji yana rubuta rahoto. A shekarar farko ana haɗawa da darussan kowa da kowa, kamar iya rubutu da bayani cikin Turanci da aiki da kwamfuta.

Kaya na biyu shi ne koyon koyarwa, kuma shi ne wanda mutane ke rainawa. A nan za ka karanta halayyar ɗan Adam, wato yadda ƙwaƙwalwar matashi ke kama abu da yadda take sakinsa. Za ka koyi karanta manhaja, tsara darasi daga farko zuwa ƙarshe, shirya tambayoyin jarrabawa da yin maki bisa adalci, riƙe aji mai cunkoso, da kula da ɗalibi mai buƙata ta musamman. Za a kuma koya maka ƙirƙiro kayan gwaji daga abin da ke hannu, domin ba kowace makaranta ce ke da cikakken ɗakin gwaji ba. Misali ɗaya: ruwan zoɓo, sobolon da ake sayarwa a kowane lungu na Nima. Ɗiga masa lemon tsami, jansa ya ƙara fitowa. Zuba masa ruwan kanwa, ya juya kore-kore. Ka ga ɗalibi ya ga bambancin asid da kishiyarsa da idonsa, da kayan sidi kaɗan. Sanin dalilin canjin launin, kaya na farko ke nan. Sanin yadda za ka sa yara hamsin su gane shi kafin a buga ƙararrawa, wannan na biyu ne.

Daga nan sai gwaji a aikace. Da farko abokan karatunka za ka koyar, malami na zaune yana maka maki. A shekarar ƙarshe a tura ka makaranta ta gaske na tsawon watanni, ƙarƙashin gogaggen malami, masu duba aiki daga jami'a su riƙa zuwa suna kallon darasinka. Sannan ka rubuta kundin bincike.

To wanda ya riga ya yi digirin kimiyya zalla a Legon ko KNUST fa? Bai yi asara ba, amma saura masa kaya na biyu. Sai ya yi difilomar koyarwa ta bayan digiri, PGDE, wadda ake iya yi a lokacin hutu. Masu sauraronmu na Najeriya sun san wannan suna, don su ma haka tsarin yake, sai dai su rajistarsu a wajen TRCN take.

Bayan digiri akwai sauran matakai: hidimar ƙasa ta shekara ɗaya, da lasisin koyarwa daga hukumar malamai ta ƙasa, NTC, wadda ta fara jarrabawar lasisi a 2018. Tsarin lasisin kan sauya, don haka ka bi sanarwar shekarar da ka gama. Sai kuma jiran hukumar ilimi ta GES ta buɗe ɗaukar aiki. Gaskiya ɗaya: ba lalle a ajiye ka a Accra ba, kuma albashin na rufin asiri ne. A yi wannan magana a gida tun yanzu, musamman in 'ya mace ce. Batun kuɗin karatu kuwa, akwai asusun bashin ɗalibai, SLTF, da ake nema da Ghana Card.

Tun da aka fara SHS kyauta a 2017, 'ya'yan Zango sun ƙaru a azuzuwa. Duk shekara muna taruwa gaban talabijin muna kallon gasar kimiyya da lissafi ta ƙasa, muna tafa wa yara. Bayan kowane yaro a wurin akwai malamin da ya bi wannan doguwar hanya, kuma muna so a samu namu da yawa a cikinsu.

Saboda haka Hajiya, ku ɗauko takardar sakamako, ku ƙirga darussa shidan nan. In sun cika, fom ɗin jami'a za ku saya, a zaɓi digirin koyar da Kemistiri. Allah Ya ba ta sa'a. Mai sauran tambaya, layinmu a buɗe yake a shiri na gaba.